Ƙanina a Benen Chow Kit

Abin da ya fara tarbata a Kuala Lumpur zafi ne mai danshi, irin wanda yake manne wa mutum riga a gadon baya tun bai taka ko'ina ba. Wanda na sa ran zai tarbe ni kuwa, ƙanina Nazifi, bai zo ba. Na tsaya da akwatina da ƙullin kuka da daddawa da Umma ta ba ni in kai masa, ina ta duba fuskokin mutane har na gaji. Na ari wayar wani direban tasi na kira lambar Nazifi, wata mace ta amsa da Malayanci. Sai da direban ya yi dariya na gane na'ura ce take gaya min layin a kashe yake.

A lokacin ina koyar da lissafi a wata kwaleji a jiharmu, aka tura ni karatun digiri na biyu. Nazifi ya riga ni zuwa, yana karanta kwamfuta a wata kwaleji mai zaman kanta. Tun rasuwar Baba ni nake riƙe da shi, sunana ne a makarantarsu a matsayin waliyyinsa. Ban taɓa kawowa a raina zan sauka a ƙasar da yake in nemi masauki da kaina ba.

Wani ɗan ƙasarmu, dillalin ɗakuna, ya riga ya kama min wuri a unguwar Cheras. Tun ina gida ya turo min hoton ɗaki mai gado da taga tana kallon bishiyoyi. Da na isa sai na tarar falo ne aka yanka da katako, ba taga, fankar ma ta maƙwabcina ce, iskarta ce take tsallako min ta sama. Na kira shi na ce ba wannan ne a hoto ba.

"Haba Malam Sanusi, haka ƙasar take lah. Ka yi haƙuri kafin wata ya ƙare." Har "lah" ɗin da mutanen can suke ƙarasa magana da shi ya koya.

Wata bai ƙare ba ya canza lamba.

Na fara zuwa aji, na koyi hawa jirgin ƙasa, na koyi cin shinkafa safe da rana da yamma. Amma hankalina yana kan Nazifi. Duk sanda Umma ta kira ta wayar ƙanwarmu, sai in ce mata yana jarrabawa. Na nemi gidan da ya taɓa kwatanta min na je. Samari uku na tarar, 'yan gida, suna kallon ƙwallo. Da na ambaci sunansa sai suka dubi juna. Ɗaya ya tuntsire da dariya, ya ce wa ɗan'uwansa wani abu da Turancin buroka, na uku ya ce, "Ya tashi, Yallaɓai. Ba mu san inda ya koma ba." Ko ruwa ba su ba ni ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga Masjid Jamek, mutanenmu sukan taru a wani shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi, su sha shayi. A nan babban ɗalibanmu, Dakta Bashir, ya ja ni gefe. Mutumin kirki ne, shi ya raka ni rajista, shi ya nuna min inda ake sayar da kuɓewa. Ya daɗe yana juya cokali a kofi kafin ya yi magana.

"Sanusi, ba na so ka ji a bakin yara. Ƙanin nan naka, abokan zamansa sun ga wasu saƙonni a wayarsa. Shi da wani namiji. Ka gane ai."

Na gane, amma duk da haka sai da ya faɗi kalmar. Ya ce ɗan luwaɗi ne. Ya ce yaran sun ɗan taɓa shi, sun kai ƙara makaranta, an dakatar da shi. Ya ce yanzu yana wurin wata ƙungiya ta irinsu a Chow Kit.

Ban san yadda na tashi daga kujerar ba. Gani nake duk wanda yake shagon ya sani, har Ba'indiyen da yake murza roti, gurasarsu. Na tuna yadda aka yi ta ba ni hannu a masallaci ana murmushi, ashe kowa yana kallona ne a matsayin yayan wane. Da ƙasa za ta tsage a ranar da na shige.

Sai da na yi kwanaki ina kai-kawo kafin na je. Chow Kit kasuwa ce mai cunkoso, ƙarnin kifi da ƙamshin kayan yaji sun haɗu, ƙasa kullum a jiƙe. Na yi ta tambaya da rabin baki, har wata mai sayar da ayaba ta nuna min wani matsattsen bene a saman shagon robobi. Na hau ina waiwaye.

Wata mata Bamalayiya ce ta buɗe, gajera, ta kai hamsin, da ɗankwali da tabarau. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Kai ne Yaya. Goshinku ɗaya. Shigo lah. Sunana Ros, kowa Kak Ros yake ce min, wato Yaya Ros. Ka ci abinci?"

Falo ne da kujerun roba a jere da bango, da tukunyar shinkafa, da mutane biyar ko shida. Wata doguwa mai jan baki da muryar maza tana yanka albasa. Sunanta Suri, irin waɗanda a can ake kira mak nyah, an haife ta namiji amma a mace take rayuwa. Na kawar da kaina. A kusurwa na hango Nazifi. Hannunsa na dama a ɗaure cikin filasta, haƙorinsa na gaba ya karye, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Wannan ne abin da Dakta ya kira ɗan taɓawa.

Ya durƙusa kamar yadda muke yi a gida. "Yaya, sannu da zuwa."

Na kasa duban idonsa, shi ma ya kasa duban nawa. Mu biyu muka zuba wa tabarma ido. Na ajiye masa ƙullin Umma na ce, "Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun ina sakandare na san kaina. Na yi azumi, na yi addu'a. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Kak Ros ta kawo min shinkafa da kifi. Na ce na ƙoshi, alhali tun safe ban sa komai a cikina ba. Ba ta matsa ba, ta juye a leda ta ce in yi tapau, wato in tafi da shi. Na karɓa don kada in yi gardama, na sauko na tsaya a bakin titi da ledar a hannu, na rasa inda zan sa kaina. A cikin jirgi na ci, ina ɓoye fuska kamar mai cin na sata.

Ban koma ba sai da ciwo ya mayar da ni. Zazzaɓin denggi ne, na sauro, wanda yake sa mutum ya ji kamar ana sara masa ƙasusuwa. Lokacin hutu ne, maƙwabtana duk sun watse. Na kira Dakta Bashir, ya tafi taro a wani gari. Da na ga ko banɗaki ba na iya kaiwa, na kira sabuwar lambar da Nazifi ya cusa min a aljihu. Ba a jima ba suka zo da motar Kak Ros. Suri ce ta ɗauko ni a kafaɗa daga hawa na tara, domin lif ya lalace, Nazifi yana biye da takalmana a hannunsa mai lafiya. Ina jin ƙamshin turarenta ina kuka, ban san ko na ciwo ne ko na kunya ba.

Bayan asibiti ba su mayar da ni Cheras ba, benen suka kai ni. Kak Ros ta matse min ruwan ganyen gwanda, ɗacinsa ya tuna min da gida. Ta dafa min romon ƙaguwa, abin da ban taɓa tunanin zai shiga bakina ba, ta ce maganin denggi ne a wurinsu, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Nazifi yana goge min jiki da hannu ɗaya. Da asuba nakan ji motsi a ɗaya ɗakin, Kak Ros ce take salla. Wannan ya fi komai rikita ni. Na riga na san abokiyar zamanta, wata ma'aikaciyar jinya, ba abokiyar zama ba ce kawai, sun fi shekara ashirin tare.

Ina kwance na ga aikin da suke yi. Duk Asabar falon yakan cika. Wata lauya takan zo ta koya musu abin da za su ce da abin da ba za su ce ba in an kama su. Ana zuwa da wanda iyayensa suka kora, da wadda aka sallama daga aiki don an gan ta da wata. Suna tattara labaran ɗaliban da aka doka a makarantu, suna kai wa 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan'adam. Duk a ɓoye-ɓoye, domin dokar ƙasar ba ta tare da su, kuma ko yaushe ana iya ƙwanƙwasa ƙofa.

Da na fara miƙewa, Kak Ros ta zauna kusa da ni tana ɓare tafarnuwa. Ta ce in makaranta ta kori Nazifi, bizarsa ta mutu, za a mayar da shi gida, kuma waɗanda suka doke shi sun ɗauki bidiyo, yana hannunsu. Ta ce ƙungiya ta matsa har makarantar ta yarda a sake zama, amma sai da waliyyinsa. Ta ce kuma suna shirya taro don a tilasta wa makarantu su hukunta duk wanda ya doki ɗalibi, ko wane ne aka doka.

Na ce, "Kak, ni Musulmi ne. Abin nan haramun ne, ba zan ce ba haramun ba ne."

"Ni ma Musulma ce, na ji wannan tun kafin a haife ka," in ji ta. "Ban ce ka ba da fatawa ba. Na ce ka zauna kusa da ƙaninka a ɗakin da kowa yake ɗaya gefen. Boleh? Za ka iya?"

Ban yi mata alkawari ba. Amma Asabar ta gaba na zo na jera kujeru. Wadda ta biyo baya aka kawo wata yarinya 'yar Kaduna da abokan zamanta suka watso wa kaya waje, tana kuka Turancinta ya gudu, na zauna na yi mata tafinta. Da ta ji Hausa a bakina sai ta rufe fuska da mayafi, ni ma na sunkuyar da kai, haka muka yi maganar kowa yana kallon ƙafarsa. Daga nan na fara raka lauya makarantu, ina gyara musu Turancin bayanan da za su raba. Kullum in na fito daga benen sai na leƙa dama da hagu. Hular da nake sawa ma na daina, don kada a gane Bahaushe ne daga nesa.

Ranar taron aka ce ni da Suri mu kai allon zane da za a rataya a zauren. Mun naɗe shi, amma doguwar sanda ce, kowa ya riƙe ƙarshe ɗaya. Muna tsaye a tashar Masjid Jamek muna jiran jirgi, ƙofa ta buɗe, sai ga Dakta Bashir da mutanenmu huɗu. Suka dube ni, suka dubi Suri da jan bakinta da dogon takalminta, suka dubi sandar da ta haɗa mu. Na yi sallama, muryata ba ta fito sosai ba. Mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma a ciki. Na fara sassauta riƙon sandar. Suri ta lura, ta ce a hankali, "In kana so ka saki, zan iya ɗauka ni kaɗai." Wallahi na so in saki. Abin da ya hana ni, na tuna wannan kafaɗar ce ta sauko da ni daga hawa na tara. Muka shiga jirgi, ban ɗaga kai ba har muka sauka.

Kafin yamma an cire ni daga zauren WhatsApp na ɗalibai. Azumi ya zo, na je buɗe-baki da aka saba yi tare, aka ba ni faranti ni kaɗai, alhali kowa mutum huɗu-huɗu ne a tire. Ba wanda ya zage ni. Da ma zagin aka yi da ya fi min sauƙi. Na ci dabino na sha ruwa na tashi, ban sake komawa ba. A wannan azumin kewar gida ta kusa kashe ni, kunun tsamiya da ƙosai nake mafarki. Amma in na tuna cewa labari yana iya rigana isa, sai in ji gidan ma tsoronsa nake.

Bayan salla aka yi zaman. Ɗaki ne mai sanyin na'ura, malamai uku a kan tebur. A ɗaya gefen samarin nan uku, sun sa kwat, Dakta Bashir yana tare da su a matsayin shugaban al'umma. A namu gefen ni da Nazifi da lauya. Kak Ros ba a bar ta ta shiga ba, tana waje a kan benci. Lauya ta riga ta gargaɗe ni kada in amsa komai game da abin da aka gani a waya, domin amsar tana iya kai shi kurkuku.

Shugaban kwamitin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya dube ni ta saman tabarau. "Kai ne waliyyinsa. Abin da ake faɗa a kan ƙaninka, ka san da shi?"

Na miƙe. Duk Turancin da na shirya ya watse. Gumi yana bin bayana cikin wannan sanyi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban zo a kan wannan ba. Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na koya masa tafiya. An karya masa hannu, an fasa masa haƙori, a ɗakin da yake biyan haya. Waɗanda suka yi suna shiga aji, shi yana zaune. Abin da na zo tambaya ke nan, a wace doka aka samo wannan."

Sai Dakta Bashir ya ce da Hausa, ba da ƙarfi ba, "Sanusi, ka ji tsoron Allah."

Na juya na dube shi, karo na farko tun ranar tasha. Na ce, "Ina ji, Dakta. Shi zai tambaye ni yaron nan, ba ku ba."

Na zauna. Nazifi bai dube ni ba, amma na ji gwiwarsa ta jingina da tawa.

Ba mu yi nasarar da ake ba da labari ba. Samarin gargaɗi kawai aka yi musu, aka sa su goge bidiyon a gaban kwamiti, ko da yake kowa ya san abin da ya shiga waya ba ya mutuwa. Nazifi ba a mayar da shi aji ba, amma ba a kore shi ba, aka ba shi takardunsa lafiya ya koma wata makaranta, bizarsa ta tsira. Makaranta ɗaya tak daga cikin waɗanda muka zaga ta rubuta dokar hana duka. Ba a daɗe ba mai benen ya ce an zo an yi masa tambayoyi, su tashi. Na taya su ɗaukar kujerun roba zuwa wani wuri a bayan gari, na ci gaba da zuwa har na gama karatu. Ban taɓa shiga ba tare da na waiwaya ba, kuma ban taɓa zama da Nazifi mun yi maganar a fili ba. Mukan yi hirar ƙwallo da tsadar haya. Shi ya zauna can, ya samu aiki. Ni na dawo.

Labari ya riga ni, kamar yadda na zata. A wurin aiki akwai masu gaishe ni da rabin baki har yau. Wani kawunmu ya aiko a gaya min na zubar da mutuncin gidan Baba. Duk wannan na shirya masa. Umma ce ban shirya mata ba. Na yi kwanaki ina shiga gaishe ta ina fitowa, ba ta tambaye ni Nazifi ba, ni ma ban ambace shi ba.

Wata rana da la'asar na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Ta kori jikoki waje. Ba ta ɗago ba ta ce, "An ce ka tsaya a gaban mutane."

"Na tsaya, Umma."

Ta ci gaba da tsintar wakenta har na zaci maganar ta ƙare. Can ta karkaɗe hannu ta ce, "Kira min shi."

Na kira shi ta bidiyo. Da fuskarsa ta fito ta karɓe wayar, ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Na zauna a kan turmi ina jin muryarta tana tashi tana sauka, wani lokaci kamar faɗa, wani lokaci shiru mai tsawo. Har aka kira magariba ba ta fito ba. Ban san abin da suka ce wa juna ba, ban kuma tambayi ko ɗayansu ba.

Da ta fito idanunta sun yi ja. Ta miƙo min wayar, ta ɗauki butarta. Har ta kai bakin makewayi ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Gobe in ka shiga kasuwa ka sayo min irin wannan, mai nuna fuska," in ji ta. "Tawa ta kaina. Ka sa min lambarsa a ciki."